Na sha ruwa a bakin tafkin ninƙaya

Asabar, 30 ga Maris 2024, 20 ga Ramadan. Indianapolis.

Sha biyun dare saura kaɗan. Kunnuwana ba su daina ƙugi ba, rigata kuma sai warin maganin ruwan tafki take yi. Bari in rubuta kafin barci ya sace ni.

Abokin zamana ne ya ja ni. Ya yi ninƙaya a sakandare, kuma tun Laraba da aka buɗe gasar ninƙaya ta maza ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ke shiryawa, ba shi da zance sai ita. Wanda za su je tare ya fasa, tikiti ya yi saura. Na ce masa ka ɗauki mai azumi ka zaunar da shi yana kallon ruwa har faɗuwar rana, wannan ai mugunta ce. Ya yi dariya, amma ban ga alamar ya gane ba.

Ban je zagayen safe ba, barcin bayan asuba ya fi ƙarfina. Shi ya je, ya dawo da takarda cike da lissafi kamar mai sayar da hatsi. Wai da safe ake cin kofi, da yamma kawai karɓa ake yi. Takwas na farko a zagayen safe su ne ke shiga babban wasan ƙarshe, na tara zuwa na sha shida su shiga ƙarami. Na ɗaya maki 20, na takwas 11, na tara 9, na sha shida maki ɗaya tal. A tseren ya-da-ƙanin-wani kuma ninkawa ake yi. Ni da na ɗauka iyo harkar mutum ɗaya ce, kowa tasa ta fisshe shi, ashe jami'a na iya rasa zakara ko ɗaya ta kuma tara maki da 'yan tsakiya.

Ƙarfe shida muka zauna. Ginin na wata jami'a ne a nan Indianapolis, tun 1982 yake, yana ɗaukar mutum dubu huɗu da ɗoriya. A bangon da ke bayan wurin tsalle an rubuta sunayen waɗanda aka zaɓa a nan suka wakilci Amurka a Olamfik. Zafi da gumi kamar ɗakin gasa burodi, alhali a waje sai da rigar sanyi. Tsawon tafkin yadi 25 ne kacal, bai kai rabin na Olamfik mai mita 50 ba.

An fara da yadi 1,650, wato kai da komowa sau 33. Gaskiya na yi gyangyaɗi. Abin da na tuna shi ne abokan wasa durƙushe a baki suna tsoma allon ƙirga cikin ruwa don mai iyo ya san inda ya kwana. Zalán Sárkány, ɗan Hungary mai yi wa jami'ar Arizona State wasa, ya ci. Destin Lasco na California ya ci iyon rigingine na yadi 200. Sai yadi 100 na gudun ruwa zalla, inda Josh Liendo na Florida ya taɓa bango a daƙiƙa 40.20. Ɗan Kanada ne, baƙar fata, a Trinidad ya yi ƙuruciya. Ban san shi ba kafin yau, amma sai ga ni a tsaye ina ihu kamar ɗan unguwarmu ne. Abokina ya ce zuwa wannan gasar ta 2024 ba a taɓa 39.90 ɗin da Caeleb Dressel ya yi a 2018 ba.

Wanda kowa ya zo gani shi ne Léon Marchand, Bafaranshen Toulouse, shekararsa 21. Shi ne bara a gasar duniya ta Fukuoka, Japan, ya rushe tarihin Michael Phelps na mita 400 na gaurayen salon iyo, kuma kocinsa Bob Bowman shi ya raini Phelps ɗin. Iyon kwaɗo na yadi 200 zai yi. Na zuba ido ina jiran in ga hannuwa na wulwulawa fiye da na kowa. Ban ga haka ba. A saman ruwa kusan tafiyarsu ɗaya da sauran. Sai an zo bango. Duk a taɓa, a juya, a nutse, kawunan wasu su ɓullo ɗaya bayan ɗaya, layinsa kuwa shiru, ruwa lumui kamar ba kowa. Sai ka hango inuwa tana sulalewa a ƙasa, can ya fito, ya ƙara musu rata. Juyi bakwai, sau bakwai yana yi musu haka. Allo ya nuna 1:46.35, sabon tarihi, ya goge nasa na bara.

Abin ya mayar da ni kogin Wudil. Muna yara ba ma gasar wa ya fi sauri, gasar nutso muke yi: a shiga a nan, a ga wa zai ɓullo nesa. Akwai wani ɗan masunta da kan ɓace har sai mun fara kallon juna, sannan ya fito can gaba yana dariya. Ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. Nan kuwa an auna abin, an yi masa doka: a iyon kwaɗo ja ɗaya dogo aka yarda da shi a ƙarƙashin ruwa bayan kowane juyi, a sauran kuma kada kai ya wuce mita 15 bai fito ba. Amma ƙirjin da ke ƙuna yana neman iska, da zuciyar da ke cewa ƙara kaɗan, wannan na san shi. Ina zaune na iske kaina ina riƙe numfashi tare da shi.

Ilya Kharun, shi ma na Arizona State, ya ci wanda suke kira iyon malam-buɗe-littafi. Daga nan lissafin takardar abokina ya daina amfani.

Rana ta faɗi takwas da 'yan mintuna, ana tsakiyar tsalle daga dandamalin mita goma. Na lalubo dabino uku a aljihu, na kwankwaɗi ruwan gora. Wata dattijuwa da ke gefena, sanye da rigar Indiana, ta lura, ta miƙo mini ledar gyaɗa ba tare da ta ce komai ba, idonta na kan ɗan makarantarsu Carson Tyler, wanda shi ya ci. Na sami lungu kusa da matakala na yi magariba, ina sallama na ji ginin ya ɗauka.

Tseren ya-da-ƙanin-wani ne na ƙarshe, mutum huɗu kowa yadi 100. Arizona State suka gama a 2:43.40, shi ma tarihi. Jimilla maki 523.5, California 444.5, Florida ta uku, Indiana ta huɗu. Kofinsu na farko ke nan, kuma a 2008 jami'ar ta taɓa soke ƙungiyar mazan saboda kuɗi, sai da aka yi karo-karo aka dawo da ita. Suka faɗa ruwa gaba ɗaya, har masu horarwa da kayan jikinsu. Tsoho Eddie Reese na Texas kuma, mai kofi 15, yau ya yi gasar jami'o'i ta ƙarshe. Abokina ya yi ƙwalla, ya ce wai maganin ruwan ne.

Da muka dawo na kira gida, don na san sun tashi sahur.

"Inna, barka da sahur."

"Barka kadai. Ina ka shiga muryarka ta dushe haka?"

Na gaya mata. Ta yi shiru, irin shirun da take yi da, kafin ta karci ƙwaurina da farce ta ga ko ya yi fari, ta san na je kogi.

"Ba dai ka shiga ba?"

"Kallo kawai na yi, Inna."

"To. Asham fa? Ka san goman ƙarshe ta shiga."

Na ce yanzu zan yi. Alwala na nan ban yi ba tukuna.