Jan idon Amurkawa daban yake da namu

A wajenmu in aka ce wane ya yi wa wane jan ido, an san babu wasa a ciki: ko bashi ake bi, ko yaro ne ya ƙi zuwa makarantar allo. Amurkawa ma suna da nasu, red-eye suke cewa, sai dai nasu ba ya tsorata kowa. Jirgin sama ne da ke tashi cikin dare ya sauka da sassafe.

Ni da shi mun saba, don a Los Angeles nake neman abincina, yayata kuma tana Bronx a birnin New York. Jirgin kan tashi wajen ƙarfe 11 na dare. Tafiyar awa 5 ce da 'yan mintoci, amma agogon New York ya riga na Los Angeles da awa 3, saboda haka kana sauka ka tarar bakwai ta yi. An sace maka dare ke nan, kuma babu wanda za ka kai ƙara. A cikin awa biyar ɗin ma ka cire hayaniyar tashi, ka cire ta sauka, ka cire maƙwabcin da zai dafa kafaɗarka ya ce zai wuce bayan gida. Jikinka na cewa tsakar dare ne, ga alfijir ya keto ta taga tunda gabas kuka nufa, sai ka shiga lissafin yadda za ka yi da sallar asuba. Duba idanun fasinjoji a wurin ɗaukar kaya, nan za ka ga inda sunan ya samo asali.

Duk da haka jirgin yakan cika. Tikitinsa sau da yawa ya fi sauƙi, ba ka rasa ranar aiki ba, ba ka kuma biya kuɗin otal na daren ba. Yaya kan ce, "Kai dai rowa ce za ta kashe ka, ka zo mana kamar wanda ya kwana a tasha." Ba na musa mata.

To amma kalmar ba ta tsaya a filin jirgi ba. Ka shiga shagon gahawa ka ce a ba ka red-eye, za a zuba maka baƙar gahawa a ƙara mata kauri da ɗan ƙaramin kofi na espresso, wato gahawa mai ƙarfi sosai. In biyu aka ƙara, sunan ya koma black eye, wato baƙin ido irin na wanda ya sha naushi. A zamanin kaboyi kuwa, wata arhar giya ce mai ƙona maƙogwaro ake kira red-eye. Haka ma jan da ke fitowa a idon mutum a hoton dare: hasken kyamara ne ke shiga ta ƙwayar ido kafin ta tsuke, ya bugi jijiyoyin jinin da ke can ciki ya dawo.

Wanda ya sa na zauna rubutun nan shi ne na cikin kwano. A kudancin Amurka, irin su Tennessee da Kentucky, akwai wani romo da ake zubawa a kan faten tsakin masara ko burodi lokacin karin kumallo, shi ma red-eye sunansa. A takardar abinci ba ka ganin komai sai sunan. Da na tambayi matar da ke kawo abinci, ta yi min bayani cikin fara'a: naman cinyar alade ake soyawa, a zuba baƙar gahawa a kan man da ya rage a kaskon, a kankare a juya. Na yi mata godiya, na ce ta kawo min soyayyen ƙwai da tsakin kawai, amma ta taimaka a soya ƙwan a wani kaskon daban.