Kawu da mutumin da ake ce wa Tan

Tun da kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki bara bayan babbar sallah, kalma ɗaya ta rage masa, "to". Kawu ya jiki? To. Za ka sha kunu? To. Ran da ƙanwata ta kawo masa shayi ba siga ya ture kofin da hannun hagu yana ta to, to, to, ido jajir. Amma fa in aka tada sallah Fatiha na fita bakinsa tsaf har amin. Nan gwaggo ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce.

Ni kuma sai ya tuna min da wani Bafaranshe, Louis Victor Leborgne, da ya yi shekara 21 a asibitin Bicêtre da ke gefen Paris ba abin da yake iya cewa sai "tan", har sunan ya bi shi. Yana gane kusan duk abin da aka faɗa masa, kuma in aka ƙure shi ashar na fita ba gargada, wannan wurin dai ya ban dariya wallahi. Ya mutu a Afrilun 1861, likita Paul Broca ya buɗe kan ya tarar da ɓarna a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu. Hagun ƙwaƙwalwa kuwa shi ke juya daman jiki, shi ya sa hannun da kawu ke cin tuwo da shi ya tafi tare da maganar. Ƙwaƙwalwar Tan ma ba a binne ta ba, a kwalba aka ajiye ta, da aka yi mata hoton MRI, na'urar asibiti mai nuna cikin jiki, aka fitar da sakamako a 2007 sai ga shi ɓarnar ta yi zurfi fiye da inda idon Broca ya kai.

A 1874 wani likita Bajamushe Carl Wernicke, yaro ne ma ɗan shekara 26, ya kawo kishiyar abin, masu zuba kamar kanya amma maganar ba kai ba gindi, kai ma in ka yi musu ba sa ganewa. Su ta wajen saman kunnen hagu abin ya taɓa.

Na yi ta yi wa gwaggo bayani cewa abin da baki ya haddace tun yarinta hanyarsa daban da maganar da mutum zai ƙulla yanzu-yanzu, ta ce boko ne ke damuna. Kawu na jinmu yana murmushi da rabin baki.

Shekaranjiya ya ƙara kalma ta biyu. Gwaggo ta shigo da kaskon turare za ta kara masa, ya kalle ta ya ce a'a.