Kafin ka ajiye jami'ar gida ka tafi karatu waje, lissafa kuɗin shekarar ƙarshe

Ƙannena masu turo min saƙo kullum, "Yaya ya ake samun adimishan a waje", bari in amsa muku gaba ɗaya a nan. Samun adimishan ɗin ba wani aiki bane wallahi, in dai makarantar kuɗi ce cikin sati biyu ejan zai turo maka takarda a WhatsApp mai tambari har da sa hannu. Tambayar da ya kamata ku min ita ce wa zai biya kuɗin shekara ta uku da ta huɗu, kuma takardar in an kawo ta gida za ta yi aiki ko ba za ta yi ba. Ni ban yi wa kaina wannan tambayar ba, shi ya sa yanzu nake aji ɗaya da yaran da na girma nesa ba kusa ba.

Ina aji biyu ASUU ta shiga yajin aikin 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba, wata takwas cur, ga shi dama an yi na 2020 da ya ci kusan wata tara. Zaman gida ya ishe ni, kullum sai majalisa da kallon ƙwallo, ga abokai suna ɗora hotuna a bakin teku. Na takura wa Baba har ya yarda, na tafi Arewacin Saifurus. Abin da ya ja ni shi ne maganar ejan cewa an ba ni sikolashif na kashi 50, na ɗauka don sakamakona ya yi kyau ne, har Hajiya ta yi sadaka. Sai da na isa na tarar kusan duk ɗan Afirka da na tambaya shi ma kashi 50 ɗin aka ba shi, wato farashin kenan dama. Kuma kwasa-kwasan da na yi a gida kaɗan suka karɓa, na koma kamar sabon shiga.

Toh lissafin da muka yi da Baba na shekarar farko ne kawai, a nan duk matsalar take. Lokacin dalar gwamnati tana ɗari huɗu da wani abu, ana cike Form A a banki a biya kuɗin makaranta da wannan farashin, duk da ana shan jira. A watan Yunin 2023 CBN ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta haura 700, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Makaranta ba ta ƙara min ko sisi ba amma a naira kuɗin ya ninka fiye da sau uku, shi kuwa Baba albashinsa da ɗan abin da shago ke kawowa suna nan yadda suke. Ga kuɗin haya da masu gida da yawa a can fam na Ingila suke yankawa, ga cefane da lira ta Turkiyya wadda ita ma kullum faɗuwa take kaya na tashi, ga sabunta takardar zama duk shekara, ga tikitin jirgi da dole sai ka bi ta Turkiyya saboda ita kaɗai ce ta amince da wajen a matsayin ƙasa. Ko ofishin jakadancin Najeriya babu, in fasfonka ya samu matsala sai Ankara. Tun 2020 NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, ta gargaɗi iyaye kan tura yara can, ni ban ma nema ba balle in gani.

Maganar "ai za ka yi aiki ka riƙe kanka" kuwa, ku ji ta da kunne ɗaya. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na ɗauki kaya a wajen gini, abin da ake samu ci da kuɗin mota ne, bai taɓa kusantar kuɗin makaranta ba, kuma ranar da ka kwana a tsaye washegari barci za ka yi a lakca. Ko a Ingila da ake ganin da dama-dama, awa 20 a sati doka ta ba ɗalibi lokacin karatu. Da bashi ya taru aka rufe min fotal, babu rajista babu ganin sakamako, Baba ya sayar da fili aka biya zango ɗaya, da na ji ana maganar sayar da na biyu wanda na san na auren ƙannena mata ne sai na ce a'a, na tattaro na dawo. Tiransikirif ma, wato takardar sakamakon kwasa-kwasan da na yi, ba su ba ni ba saboda ragowar bashi.

Abin da ya fi min ciwo, da zan tafi ban nemi a jingine min karatu a jami'ar gida ba, kawai ɓacewa na yi don ina ganin ni da su har abada. Takarda ɗaya ce fa zan rubuta ta hannun shugaban sashe. Da na dawo sunana ya daɗe da fita, sai JAMB na sake zaunawa, abokan da na bari suna yajin aiki kuma har sun sa kakin NYSC. Na saki reshe na kama ganye, ba wani suna da za a kira shi da shi.

Sai batun takarda, wanda ni ban kai wajen ba amma na ga waɗanda suka kai. Duk wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya yi bautar ƙasa. Likita sai ya ci jarabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, kafin ya taɓa mara lafiya, kuma ana faɗuwa sosai, wanda ya karanci lauya sai ya fara da kwas ɗin share fage na Bar Part I kafin ya shiga sahun 'yan gida a makarantar lauyoyi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano ta Benin cikin sati shida har ya shiga NYSC da shi, kuma hukuncin ya haɗa har da waɗanda suka zauna suka yi karatun gaskiya. Don haka kar ejan ya ce maka "an amince da ita", shi kamasho yake ci a kan kowane kai. Ka je da kanka ko ka tura wani babba ma'aikatar da hukumar sana'ar da kake son karanta, ka tambaya da sunan makarantar da sunan kos ɗin. Ka kuma nemi ɗalibin da ke aji uku ko huɗu a can, ba wanda ya sauka jiya yana ɗaukar hoto ba, ka ce ya faɗa maka abin da yake kashewa a wata tsakani da Allah.

Akwai kuma abin da ba mai iya lissafa shi, ɗalibanmu da yaƙi ya ritsa da su a Yukiren a 2022, da na Sudan da shi ma yaƙi ya ritsa da su a Afrilun 2023 aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, wasu suna shekarar ƙarshe a likitanci. Wannan ƙaddara ce, amma ko ita ta fi sauƙi ga wanda yake karɓar tiransikirif ɗinsa duk ƙarshen shekara yana ajiye kwafi a imel.

Wa zan ce ya tafi? Wanda ya samu cikakken tallafi a rubuce, kuɗin makaranta da masauki da na abinci, irin na gwamnatin Turkiyya da ake nema kyauta ta intanet ba ejan, har shekara guda suke ba ka ta koyon yarensu. Ko wanda mahaifinsa zai iya ware kuɗin duk shekarun yau ɗin nan a dala ba tare da an taɓa gida ko gona ba. In ba haka ba kuma kana aji biyu ko uku a BUK ko ABU ko ma jami'ar jiha, ni dai shawarata ka daure ka gama, ka dage ka fito da sakamako mai kyau, sai ka nemi digiri na biyu a waje, shekara ɗaya ne ko biyu, kuma a nan tallafin ya fi yawa, sikolashif irin su PTDF da Chevening da Commonwealth duk a wannan matakin suke ɗauka. In kuma ka ƙi ji sai ka tafi yanzu, don Allah ka fara rubuta takardar jingine karatun nan, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ka ba Hajiya ta ajiye maka.