Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bakan da ba a gama sassaƙawa ba

Makon jiya na tsaya a shigata aji uku a sashen tarihi. A zangon nan ne wani malaminmu ya raba mana hotunan tsofaffin bakunkunan da aka tono, ya ce kowa ya rubuto abin da ya gani. Akwai na Holmegaard a Danmak, wanda ya kwanta cikin fadama shekara kusan 9,000. Akwai kuma na mutumin da ƙanƙara ta adana a kan iyakar Italiya da Ostiriya, aka gano shi a 1991. Tsawon bakansa mita 1.82, ya ma fi mai shi tsawo.

Da na je Kware hutun ƙarshen mako sai na nuna hoton bakan mutumin ƙanƙarar ga Kawu, wanda ya yi farauta tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi. Ya daɗe yana juya takardar.

"Ɗana, wanga baka ba a ƙare shi ba. Ina wurin ɗaura tsarkiya?"

Na ce, "Kawu, shekararsa ta haura 5,000, ƙila ya gutsure."

"Gutsura daban, rashin sara daban. Dubi sawun gizago, ko gogewa ba a yi ba."

Abin da masanan suka rubuta ke nan, har da ƙarin cewa cikin kibau 14 da ke kwarinsa biyu kaɗai aka haɗa. Kawu bai taɓa zama a aji ba.

Hoton Sin ne bai burge shi ba. A ramukan sojojin yumɓu na sarkin Sin na farko, itacen baka mai kunama irin ta bindiga ya ruɓe, sai kunamar tagulla ta rage. Ya ce ƙarfe ba ya faɗin hannun maharbi.

Ni kuwa ƙasarmu ta tsaya mini a rai. Da baka da kibiya jama'ar Shehu suka tari dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804, amma je ka haƙa wurin ka gani: gara ba ta barin itace. Kwalekwalen Dufuna da aka samu a Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000 ne saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta rufe shi, iska ba ta shiga.

Na sa maganar Kawu cikin aikina. Malam ya ja mata layi da jan biro, ya rubuta in same shi a ofis ranar Litinin. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.