Tsayuwa a bakin ƙofar Scarpia

Aikina a sabon shirin opera mai suna Tosca da wani gidan wasa a arewacin Italiya ya yi bai wuce gadin ƙofa, jan fursuna da riƙe bindiga ba. Ba na waƙa, ba na furta ko kalma ɗaya. Ga wanda bai san opera ba, wasan kwaikwayo ne da ake rera yawancin magana cikin waƙa, makaɗa kuma na zaune a wani rami gaban dandamali.

Giacomo Puccini ne ya tsara kiɗan, aka fara nuna wasan a Teatro Costanzi da ke Roma ranar 14 ga Janairun 1900. Labarin na faruwa a Roma ne cikin Yunin 1800, daidai lokacin yaƙin Marengo da Napoleon ya gwabza da sojojin Austriya. Mai zane Cavaradossi ya ɓoye wani fursunan siyasa, Angelotti, da ya tsere daga gidan yarin Castel Sant'Angelo. Shugaban 'yan sanda, Scarpia, yana neman fursunan, yana kuma kwaɗayin mawaƙiya Tosca, masoyiyar mai zanen.

Daraktar ta cire mana tufafin zamanin Napoleon, ta sa mana kwat mai ruwan toka, ta cika ɗakin Scarpia da tebura da fayil-fayil. Ranar farko ta hana mu ɗaure fuska. Ta ce mu riƙa tafiya irin ta ma'aikacin da ya ƙosa a tashi aiki. Ban gamsu ba sai da muka shiga kashi na biyu.

A nan ne ake azabtar da Cavaradossi, amma ba a gaban idon 'yan kallo ba. Ni da abokin aikina muke shigar da shi ɗakin ciki. Scarpia na gefen teburin abincinsa, Tosca na tsaye, sai ya ba da umarni a buɗe ƙofa don ta ji ihun masoyinta. Hannuna ne ke buɗewa. Duk daren da muka yi wasan, ina jin yadda numfashin zauren ke canzawa idan na murɗa mariƙin nan a natse, na koma na tsaya ina duba agogo. Ihun ya sa Tosca ta faɗi cewa Angelotti na cikin rijiyar lambu. Scarpia bai taɓa kowa da hannunsa ba a wannan wurin. Mu ne muka yi masa komai, kuma fuskar da ba ta damu ba ta fi ta mugu tayar da hankali.

Na kuma koyi cewa mai irin aikina da kunne yake aiki. Ba a jiran kalma, kiɗa ake bi. Mun fara atisaye da fiyano kaɗai, daga baya makaɗa suka shigo, komai ya ƙara nauyi. A kashi na uku, inda muke harbe Cavaradossi da asuba a saman gidan yarin, sai hafsa ya sauke hannu a kan bugun da aka tsara, mu saki wuta tare. Tosca na tsammanin harbin na wasa ne, kamar yadda Scarpia ya yi mata alkawari kafin ta soke shi da wuƙar teburinsa. Har tana yaba yadda masoyinta ya iya faɗuwa. Mu kuwa mu juya mu fita ba waiwaye. Da ta gane ya mutu da gaske, sai ta faɗa daga saman katanga; a bayan katangar akwai katifu masu kauri, da mutane biyu da ke jiran ta.

Abu ɗaya ne har yau ban yarda da daraktar a kai ba. A tsarin asali, bayan Tosca ta kashe Scarpia tana ajiye kyandir a gefen kansa, ta ɗora gicciye a ƙirjinsa. An cire wannan, ta ɗauki takardar izinin fita kawai ta gudu. A ganina an rage mata girma. Mace ce mai tsoron Allah da aka matsa wa har ta zubar da jini, kuma ko gawar azzalumin ba ta iya bari a yashe ba. Puccini ya bar wa wannan aikin kiɗa mai tsawo, kuma a shirinmu kiɗan ya yi ta tafiya ba abin da ake yi a dandamali.