Umara a kan keken marasa lafiya: ƙugu na ciwo, sukari na hawa da sauka

Mun sauka Kano ranar Laraba, ko akwatin tsaraba ba a gama kwancewa ba, amma duk wanda ya shigo barka da dawowa tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, yaya aka yi ka yi ɗawafi da wannan ƙugun?" Bakina ya gaji da maimaitawa a zaure, to ga shi a rubuce, mai niyyar tafiya da irin larurata ya karanta.

Faɗuwa na yi a farkon damina, a wurin alwalar masallacin unguwarmu. Tayil ya jiƙe, ƙafa ta goce, na sauka da kwatangwalon dama. Hoto ya nuna ƙashi bai karye ba, amma nama da jijiyoyin gefen gaɓar sun ji jiki, ita kanta gaɓar kuma da ma ta fara cinyewa saboda shekaru. Ga ciwon sukari da nake fama da shi fiye da shekara goma, ina shan metformin, da dare kuma allurar insulin. Kuɗin Umara an riga an biya, biza ta fito. Likitana bai hana ni ba, sai dai ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya: waɗannan cututtuka biyu ba sa ga-maciji. Ƙugu yana son hutu, sukari yana son tattaki. Allurar da ake yi a gaɓa don kwantar da kumburi tana harba sukari sama na tsawon kwanaki. Diclofenac da ibuprofen, da kowa ke watsawa baki in ƙashi ya motsa, suna wahalar da ƙodar mai sukari. Abin da ya rage mini shi ne paracetamol, man shafawa, sanda, da haƙuri. Ya rubuta mini takarda da turanci mai bayyana alluran da zan riƙe a hannu, ya ce kada in kuskura in sa insulin a babban akwati, don sanyin ɗakin kaya na jirgin sama yana iya daskarar da ita, wadda ta daskare kuwa ta lalace.

Jirgi ba abin faɗi, awa huɗu da wani abu zuwa Jidda. Na nemi kujerar bakin hanya, ina miƙewa ina dafa kujerun mutane da harami a jikina, ɗana na biye da ni kada mayafin ya zame. Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, na yi ta a karkace, ɗuwawun hagu kaɗai ke taɓa kujera.

Masauki ne ya fara ɓata mini rai. Ejan ɗin da ya yi mana hidima ya rantse cewa otal ɗin "dab da Harami" yake, har yana cewa in na leƙa taga zan ga hasumiyar agogo. Ita hasumiyar ai daga ko'ina a Makka ana hango ta, tsayinta ya kai mita 600. Otal ɗin can ciki yake ta wajen Misfala, an bar titin Ibrahim Khalil an hau wani tudu da ko mai lafiya sai ya tsaya ya numfasa. Makka gari ne na duwatsu, wanda bai taɓa zuwa ba ya riƙe wannan: kada ka tambayi nisa kawai, ka tambayi hawa. Sannan ɗakin ba firij. Na sauko na nuna wa yaron da ke kan kanta alƙalamin insulin da takardar likita, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce "ba'adain, ba'adain", wato sai an jima, yana kaɗa mini hannu. Zafin waje ya haura digiri 40, insulin kuwa ko wadda aka buɗe ba a so ta wuce 30. Wani ɗan Bangaladash mai shara ne ya ji mu, ya ja ɗana zuwa kicin, ya nuna masa wani lungu a ƙofar firij, nesa da gidan ƙanƙara, ya sa alluran a leda ya rubuta lambar ɗakinmu. Na ba shi riyal goma, ya ƙi, sai da na cusa masa a aljihu.

Mun nufi Harami bayan isha'i, da niyyata in yi ɗawafi da ƙafata. Kafin mu kai ƙofar Sarki Abdul'aziz niyyar ta karye, ƙugun yana suka har cinya, kowane taku sai na cije leɓe. Na zauna a kan wani dakali ina kallon tsofaffi 'yan Indonesiya suna wuce ni da sauri, raina a dagule. Can sai na ji an ce da Hausa tsantsa, "Baba Alhaji, a tura ka?" Saurayi ne dogo, riƙe da keken tura marasa lafiya. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya taho daga Damagaram a ƙasa ta Chadi da Sudan, shi kuwa bai taɓa ganin Nijar ba, amma Hausarsa ta Damagarawa ce sak, gauraye da Larabci. Ya ce riyal 300, ɗawafi da sa'ayi. Na lissafa da canjin da muka yi, riyal na wajen naira 400, na ga kuɗin ya haura dubu ɗari, na ce, "Yaro, ni ɗan kasuwa ne, tura ni za ka yi ko goya ni?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Muka yi ta ja, ɗana yana taɓa ni wai a bakin Harami ba a ciniki haka. Na ce a bakin Harami Ƙuraishawa suka yi ciniki tun kafin a haifi kakanninmu. Muka daidaita a kan 180.

Na hau keken nan da nauyin zuciya, ba zan ɓoye ba. Mutum ya saba shi ke ba da umarni a shago, yau ga shi ana tura shi, gwiwoyi a gaba, sanda a kan cinya. Yaron ya lura. Muna hawa gangaren da ke kai wa bene ya ce, "Baba, ai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kan raƙumi ya yi ɗawafi a Hajjin Bankwana, kuma da Ummu Salama ta yi rashin lafiya cewa ya yi ta yi nata a kan abin hawa a bayan mutane." Na san hadisan biyu tun ina makarantar dare, amma sai a bakin mai tura keke suka shige ni.

Masu keke a sama suke ɗawafi, kuma da'irar sama ta ninka ta ƙasa nesa ba kusa ba, ga Ka'aba can ƙasa mutane na zagaya ta. Abin da na fi lura da shi daga inda nake zaune, ƙafafu ne. Dubban ƙafafu ba takalmi, faso, kumburi, yatsun da aka naɗe da filasta. Ƙarfen da nake ɗora tafin ƙafata a kai daidai yake da diddigen na gabana, kuma na ga keke ya daki wani tsoho har jini ya fito, bai ma waiwaya ba. Nan gabana ya faɗi, don na san ma'anar hakan: mai sukarin da ya daɗe, jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu, ya ji rauni bai sani ba, sai ya ruɓe. Tun daga daren nan kullum kafin mu kwanta ɗana sai ya haska fitilar waya ya duba tsakanin yatsuna ɗaya bayan ɗaya, tunda ƙugun ba ya barina in sunkuya in gani da kaina. Marmaran cikin masallacin ba ya ɗaukar zafi ko da rana tsaka, amma kwaltar waje tana iya sale tafin ƙafa, takalmi kuma ɓata yake a ƙofa. Nawa a jakar wuya yake kwana.

Tun shigarmu Harami ake miƙo mini dabino. Wannan ya miƙo, wancan ya miƙo, wata tsohuwa Baturkiya har cikin tafin hannuna ta zuba ta dunƙule mini yatsu. Alherin mutanen wurin kusan duk zaƙi ne: dabino, kek a leda, lemon kwali, shayin da cokali zai iya tsayawa a cikinsa. Ni kuwa sai in ce "shukran, sukkar", in nuna ƙirjina, in miƙa wa ɗana. A sa'ayi labari ya juya. Tsakanin Safa da Marwa mita 450 ne ko kusa, sawu bakwai ya haura kilomita uku, kuma na ce a bar ni in taka wani ɓangare da sanda ko da kaɗan ne. Na taka, na koma keke, muka ci gaba. Mun wuce korayen fitilun nan da maza ke sassarfa sai na ji gumi mai sanyi yana bin bayana duk da iskar na'ura, hannuna na rawa, addu'ar da nake karantawa ta rikice mini a baki. Na ɗauka gajiya ce da zafin ƙugu. Mai keken ne ya ja gefe ya tsaya, ya leƙo fuskata, ya ce wa ɗana, "Auna shi." Na'urar awon sukari ta nuna 58. Ƙasa da 70 an shiga haɗari. Abincin jirgi ne na ƙarshe a cikina, agogo ya matsa gaba da awa biyu, ga wahalar tudu. Ɗana ya zaro dabinon Baturkiyar nan guda uku, na tauna, na kora da Zamzam, muka jira kwata, aka sake aunawa ya haye 90. Yaron ya ce ya saba gani, tsofaffi nawa suka sulale masa a keke a daidai wannan wurin, mafi yawa masu allura ne da suka fito ba su ci komai ba don ɗokin gama Umara. Da muka kammala a Marwa na cika masa 200 ɗin da bai tambaya ba. Wanzami kuma ya kwashe riyal 15 a aikin da bai kai minti uku ba, kuɗin da zai yi wa gidanmu kaf aski a Kano.

Kantin magani ya ba ni mamaki. Na shiga sayen tsinken awon sukari, ƙugun ya matsa mini, na ce a ba ni mai ƙarfi. Mai maganin, Bamisre ne, sai da ya tambaye ni me nake sha, yaushe aka duba ƙodata, sannan ya girgiza kai ya ajiye mini man shafawa da ƙyallen ɗumi da ake mannawa. A gida da ka ce ƙugu, yaron kemis zai ƙirga maka "haɗi" a farar leda, fari da ja da rawaya, ba suna ba tambaya, kuma sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Ka sha ka ji garau, sukari kuwa ya tafi 300 ba ka sani ba. Tsada dai akwai ta, tsinken awo ya fi na Kano kuɗi, gara mutum ya taho da nasa har da rara.

Haka ma wurin salla da bayan gida. A Harami kujerun naɗewa suna nan a jere, ka ɗauka ka yi sallarka a zaune ba mai kallonka. Akwai gangare, akwai lif, akwai bayan gida na zama da ƙarfen dafawa. Matakalar lantarki ce kawai na ƙaurace wa, don sa ƙafa a kanta da ƙugu mai ciwo caca ce. Ina zaune ina tunanin masallatanmu: a kashe miliyoyi a hasumiya da fitilu, a shimfiɗa tayil mai santsi a wurin alwala, a yi matakala biyar ba abin riƙewa, sannan a ce tsofaffi sun daina zuwa jam'i.

Abinci kuwa shinkafa ce safe da yamma, kabsa, bukhari, mandi, tiren da mutum uku za su ci a ba ka kai kaɗai. Da safe na fi samun sauƙi da wake ful da ɗan ɓarin gurasar tamis da laban, wato nono, marar sukari. Da marmarin gida ya ishe ni, mai keken ya kai mu Shara Mansur, inda Hausa ta fi Larabci yawa a titi, gidan gwaggonsa. Tsohuwar ta shimfiɗa mana tabarma, ta ga ba zan iya zama ƙasa ba, ta sa aka ɗauko kujera daga maƙwabta. Tuwon masara miyar kuka, da kwaɗon zogale da ta ce don ni aka yi. Ta ƙi karɓar ko riyal ɗaya, sai faɗa take: "Alhaji, ka bar allurar nan, habbatus sauda da zuma da Zamzam sun ishe ka." Na ce, "Hajiya, Allah ya saka, zan haɗa su duka." Zumar dai ɗana ne ya shanye ta.

Madina a jirgin ƙasa muka je, kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintoci, ma'aikata suka tura ni har bakin kujera. Garin shimfiɗe yake, ƙugun ya samu sauƙi, ina takawa da sanda daga masauki zuwa ƙarƙashin laimomin harabar masallaci, sukarin safe ya sauko da kansa. Rauda sai da izinin manhajar Nusuk, mun samu na tsakar dare. Mun je Ƙuba da Uhudu, tudun maharba daga ƙasa na kalle shi. A kasuwar dabino na sayi ajwa da safawi na tsaraba bayan an sha ciniki, mai shagon yana ta tura mini ɗanɗano ina turawa ɗana.

Dawowa ta Jidda, jarkar Zamzam mai lita 5, jinkirin jirgi, shi ke nan. Jibi zan koma wajen masu gashin ƙashi. Ejan ɗin nan kuwa mun yi da shi zai zo shago ranar Asabar, na ajiye masa hoton tudun a waya.