Na sake kallon Umar Mukhtar a Gombe

Daga Damagaram na zo Gombe, kuma ba da niyyar zama ba. Ɗan baffana ne ya ce in zo in taya shi awon wake da riɗi a Tudun Hatsi zuwa ƙarshen kaka. Kaka ta wuce, wata ta zo, har na ɗauko iyali muka kama haya a Bolari. Harshe bai ba ni wuya ba, sahun masallaci ma haka. Lissafi ne ya daɗe bai zauna mini ba. Duk farashin da aka faɗa da naira sai na juya shi zuwa sefa a zuci kafin in amsa, har abokan aiki ke tsokanata wai ɗan Nijar sai ya yi shawara da gida kafin ya sayi biredi.

Wani yaron shago ne ya tura mini fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran mayaƙan Libiya da suka yi yaƙi da mulkin mallakar Italiya, a waya. Rabona da shi tun muna yara, a gidan kallo mai janareta. Lokacin ba ma jin ko kalma ɗaya, kuma ba mu damu ba. Dawakai muke jira, da tankokin Italiya suna cin wuta, da mayaƙan nan da ke ɗaure ƙafafunsu don kada su gudu.

Har yanzu fim ne na gaske. Mustafa Akkad, daraktan fim ɗin, ya san aikinsa, Anthony Quinn kuma ya hau matsayin tsohon malamin allon nan kamar a cikinsa aka haife shi. Ba banza ba Italiya ta hana nuna shi a 1982, shekara guda bayan fitowarsa. Amma wannan karon abin da ya tsaya mini a rai waya ce mai ƙaya. Janar Graziani na Italiya ya shimfiɗa ta a 1931, kusan kilomita 270 daga bakin teku zuwa Jagbub, don ya yanke abinci da makaman da ke shigowa daga Masar, ya kuma tattara makiyaya a sansanoni. A shekarar aka rataye Umar Mukhtar a Suluƙ. Muna yara, wannan ne ɓangaren fim ɗin da muke fita sayen gyaɗa.

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, an rufe iyakar Najeriya da Nijar. Motocin kaya suka yi cirko-cirko, aika wa mahaifiyata buhun masara ya koma sai da roƙo da zagaye ta daji, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ba na haɗa wannan da abin da aka yi wa mutanen Libiya, Allah ya kiyaye. Sai dai wanda uwarsa ke can shi yana nan, idan ya ga ana ja waya a allo, cikinsa zai ɗuri ruwa.

Akwai kuma abin da ya rage mini daɗinsa. Gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin fim ɗin, kuma daga unguwarmu samari da yawa sun bi ta Agadas zuwa Sabha saboda Libiyar da muka ƙaunata a allo. Na ga yadda wasunsu suka dawo a 2011, daga su sai rigar jikinsu.

Da na ba maigidanmu labari, sai ya ce, "Kai ɗan nan, ai namu yana nan kusa da Bajoga. A Bormi Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas da jama'arsa."

Na ce, "Alhaji, mu ma muna da Kuran Daga, Sarkin Damagaram da Faransawa suka kashe a 1899."

Ya ce bai taɓa jin sunansa ba. Ni ma kafin ranar ban san Bormi ba, alhali ni da shi duk mun san irin gilashin da Umar Mukhtar ke sakawa. Ya yi alkawarin ranar da sarin masara ya kai mu Bajoga zai sa direba ya ratse da mu Bormi, in dai na yarda kuɗin man daga aljihuna zai fito.